Shawagin bawul ne ko ƙarancin mai? Injina yana yanke ƙarfi a saman juyi

Ɗan_Tarbo96:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar manya. Motata Dodge Ram ce ta 1996, mai injin Cummins 5.9 ɗin nan mai bawul 12 da famfon mai na P7100, giyar hannu. Na sa mata nozul masu ɗan girma, an ƙara mata mai a famfo, sannan aka canza sifirin ɗin gwamna, wato na'urar da ke iyakance juyin inji, zuwa na juyi 4,000 a minti. Tarbo na asali ne, HX35, sai dai an matse shi har gejin matsin iska yana nuna psi 38 zuwa 40 idan na taka sosai. Sifirin ɗin bawul kuwa ban taɓa su ba, na kamfani ne.

Daga ƙasa mota tana ja lafiya lau. Amma da allura ta kai wajen 3,300 sai ƙarfin ya yanke farat ɗaya, ƙarar injin ta koma far-far-far, wani lokaci in ji "tas" ta wajen bututun iska, allurar gejin tarbo kuma ta kama rawa. Da na ɗaga ƙafa juyi ya sauko ƙasa da 3,000, shi ke nan komai ya koma daidai. Wani ya ce min shawagin bawul ne, wato bawul ya kasa rufewa a kan lokaci, wani ya ce mai ne ba ya isar famfo. Ta yaya ake bambance su ba tare da an kwance inji ba?

Sifana17:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka daina kai ta wurin. Duk lokacin da ka ji wannan far-far ɗin, idan har bawul ne, kana caca ne da fistin.

BaƙinHayaƙi:
Mai ne. Ka duba filta da famfon da ke ɗago mai daga tanki. Akwai kuma ɗan bawul ɗin da ke jikin P7100 mai mayar da rarar mai tanki, idan sifirin ɗinsa ya gaji matsin mai faɗuwa yake a saman juyi. Mutane suna saurin cewa shawagi alhali filta ce ta toshe.

Tsohon_Bakanike:
BaƙinHayaƙi, maganarka tana kan hanya, a duba mai ɗin, ba ya cin komai. Amma alamomin da yaron nan ya lissafa ba na yunwar mai ba ne. Injin da mai ya gaza masa a hankali yake sanyi. Hayaƙi ya ragu, allurar tarbo ta sauko sannu sannu, ƙarar ba ta canzawa, ƙarfi ne kawai ke zubewa. Kuma ya fi yi a babbar giya, a doguwar taka, lokacin da famfo ya daɗe yana zuƙa.

Shawagi kuwa yana da iyakarsa. Ka kai wani juyi, ya buge ka nan take, ka sauko ya sake ka. Dalili shi ne kamshaf ne ke buɗe bawul, amma sifirin ne kaɗai ke rufe shi. Idan gudu ya yi yawa, kam ya wurga tafet da fushrod da roka, wato ƙarafan da ke kai turinsa zuwa bawul, da bawul ɗin gaba ɗaya, sifirin ya kasa dawo da su a kan lokaci. Sai tafet ya rabu da bayan kam, bawul ya rage a buɗe lokacin da ya kamata a ce ya zauna. Wani lokaci kuma zama yake yi da ƙarfi har ya yi tsalle daga mazauninsa ya sake buɗewa. Wannan "tas" da kake ji ta bututun iska, matsin silinda ne ke dawowa baya ta bawul ɗin da bai rufu ba, shi ne kuma ke sa allurar geji rawa.

Ɗana, amsa min wannan: a giya ta 2 da ta 4, a juyi ɗaya yake yi ko da bambanci?

Ɗan_Tarbo96:
Baba na gode. A ta 2 sai ya kusa 3,500 yake yi. A ta 4 tun wajen 3,300, wani lokaci ma ƙasa da haka kaɗan idan ina hawan tudu.

BaƙinHayaƙi:
Ka gani ko? Da bawul ne, ai bawul bai san giya ba. Tunda ya fi yi da lodi, mai ne.

Injiniya_Ƙarami:
Bawul bai san giya ba, amma ya san matsi. A babbar giya tarbo yana samun lokacin cika, matsin iska da na hayaƙi duka suna sama, kuma dukansu suna tura bawul ta baya, wato ta ɓangaren da zai buɗe shi. Saboda haka a injin tarbo shawagi yana iya fara zuwa da wuri idan akwai lodi. Amsar da ya bayar ba ta wanke bawul ba.

Ga lissafin juyin kuma. Ƙarfin da sifirin ke buƙata don ya riƙe kayan bawul ba ya hawa daidai da juyi, ninkin juyi a kan kansa yake bi. Wannan injin wajen juyi 2,500 zuwa 2,600 kamfani ya tsara ya ba da cikakken ƙarfinsa. Daga 2,500 zuwa 3,500 juyi ya ƙaru da kashi 40 cikin 100, amma nauyin da ke kan sifirin ya kusa ninkawa biyu, domin 1.4 sau 1.4 shi ne 1.96. A juyi 3,500 kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1,750 a minti, kusan sau 29 a daƙiƙa. Kuma kayan bawul na dizal masu nauyi ne, kam yana can ƙasa a cikin bulok, fushrod dogaye.

MaiJanTirela:
Ni abin da ban gane ba, me mutum zai yi da juyi 4,000 a injin dizal? Ni tawa ba ta wuce 2,300 kuma babu abin da ba ta ja.

Ɗan_Tarbo96:
Oga ba don in zauna a 4,000 ba ne. Sifirin ɗin gwamna na asali yana fara janye mai da wuri, sai ka ji mota ta mutu kafin ka canza giya. Na so ta ci gaba da ba da mai ne har zuwa 3,200 haka.

Sifana17:
To ai da na 3,000 ka sa. Kusan duk wanda ke sayar da na 4,000 zai gaya maka sai an haɗa da sifirin ɗin bawul masu ƙarfi.

Gejin_Mai:
Injiniya, ina da ja a kan maganar matsin tarbo. Kullum ana cewa iskar tarbo tana tura bawul ɗin shigar iska ya buɗe. Amma a lokacin da bawul ɗin ke rufewa, ai cikin silinda ma cike yake da wannan iskar, matsi ɗaya ne gaba da baya. Da fistin ya fara hawa kuma matsin ciki ya fi na waje nesa ba kusa ba, shi ma danne bawul ɗin yake yi a mazauninsa. To ina psi 40 ɗin ke samun damar tura shi?

Injiniya_Ƙarami:
Ka yi gaskiya a wannan, bambancin matsi tsakanin gaba da baya shi ne abin dubawa, ba lambar da ke kan geji ba. Shi ya sa ni bawul ɗin hayaƙi na fi zargi a motarsa. Lokacin da fistin ke sauka yana shan iska, bawul ɗin hayaƙi a rufe yake. A gabansa akwai matsin cikin silinda, wanda bai kai na geji ba ma saboda iska tana matsewa wajen shiga. A bayansa kuma akwai matsin hayaƙin da ya taru kafin tarbo. Ƙaramin tarbo da aka ɗura wa mai da yawa, matsin hayaƙinsa yana iya zarce na iska sosai a saman juyi.

Mu ɗauki misali kawai. A ce faɗin wurin da hayaƙi ke turawa a bayan bawul milimita 40 ne, wato kimanin murabba'in santimita 12.5. A ce matsin hayaƙi ya fi na cikin silinda da psi 30, kusan bar 2 ke nan. Turin da ke kan bawul ɗin ya kai wajen kilo 25. Wannan kilo 25 ɗin daga ƙarfin sifirin ake cire shi, kafin a zo maganar nauyin ƙarfe da gudu. Kamar ƙofa ce mai sifirin da iska ke busowa ta bayanta, tana iya rufuwa lafiya ranar da babu iska. Kuma geji matsakaici yake nuna maka. Duk lokacin da wata silinda ta buɗe bawul ɗinta, bugun hayaƙin da ke ratsa manifol ya fi abin da allura ke nunawa.

Gejin_Mai:
Wannan na yarda. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ana ɗora wa matsin iska laifin da ba nasa ba.

Tsohon_Bakanike:
Ku biyun kuna lissafi, ni kuma fistin nake gani a kan benci. Na cire masu tambarin bawul ɗin hayaƙi, na cire masu tambarin na iska. Na hayaƙi ya fi yawa, kuma akwai wani dalilin ban da matsi. Bawul ɗin hayaƙi yana rufewa ne fistin yana biye da shi a baya zuwa sama. Idan ya makara ko da kaɗan, fistin ya cim masa. Injin dizal matsinsa wajen 17 ne bisa 1, tazarar da ke tsakanin kan fistin da bawul a can sama ƙarama ce ƙwarai. Injin fetur da yawa za su yi shawagi su yi tari su wuce. Dizal ba shi da wannan filin.

Abin da ke ɗan rufa asiri a wannan injin shi ne bawul a tsaye suke cak, fistin yana bugun fuskarsu baki ɗaya, ba ta gefe ba. Shi ya sa sau da yawa fushrod ne ke lanƙwashewa kafin bawul. Za ka ga zagaye mai sheƙi a kan fistin, inda baƙin kabon ya goge tas, daidai girman kan bawul.

Uwar_Gareji:
Ba wanda ya ambaci kuloci. Giyar hannu ce, an ƙara mai, kuloci na asali ba ya daɗewa da haka. Ƙanena, idan abin ya faru, allurar juyi tsayawa take ko tsalle take yi sama gudu bai ƙaru ba?

Ɗan_Tarbo96:
Tsayawa take Hajiya, ba ta wucewa. Kuloci na riga na canza shi zuwa mai ƙarfi.

Uwar_Gareji:
To ba shi ba ne. Kuloci ma a ƙasan juyi ya fi zamewa, inda ƙarfin murɗa ya fi yawa.

Kunkuru_HX:
Ni kuma ina tunanin tarbo ne ke tari. Shi ma yana sa allurar geji rawa, yana yin cu-cu-cu ta wajen filtar iska.

Sifana17:
Tarin tarbo a wani wuri yake zuwa. Ko dai ka ɗaga ƙafa farat ɗaya matsi yana sama, ko kuma babban tarbo ne ka danne shi a ƙasan juyi a babbar giya, yana tura iskar da inji ba zai iya haɗiyewa ba. A 3,300 da ƙaramin HX35 inji yana shanye duk abin da aka ba shi yana neman ƙari. Ba na ganin tari a nan.

MaiJanTirela:
Tunda ana maganar matsin hayaƙi, bari in faɗi abin da na gani da birkin salansa. Wani abokin aikina ya sa a irin wannan injin mai bawul 12, wanda ya sa masa bai canza sifirin ɗin bawul ɗin hayaƙi ba. Suna saukowa gangara da kaya, juyi yana sama, birkin a kulle, ya ce sai ya ji ƙarar ta canza tana ƙwas-ƙwas. Daga ranar inji bai sake yin salo daidai ba. Da aka buɗe, fushrod biyu sun lanƙwashe. Babu ko ɗigon mai da ke shiga a lokacin, babu matsin tarbo, hayaƙin da aka toshe ne kawai ya ture bawul.

Injiniya_Ƙarami:
Wannan shi ne misali mafi tsabta na abin da nake faɗa. Da birkin salansa, cikin silinda babu matsi a lokacin shan iska, bayan bawul kuma an tara matsi da gangan. Sifirin ɗin da ake kira na 60 a wannan injin, don haka aka san su, ana sa su ne domin bawul ya jure matsin hayaƙi har psi 60.

Sabon_Shiga:
Don Allah a yi min bayani, birkin salansa shi ne wanda manyan motoci ke yin ƙara tatatata da shi a gangara?

Tsohon_Bakanike:
A'a ɗana. Birkin salansa murfi ne a cikin bututun hayaƙi, ya rufe hanya inji ya yi ta fama da turawa. Mai tatatata ɗin shi ne birkin Jacobs, wanda Clessie Cummins ya ƙirƙiro, aka fara sayar da shi a 1961. Shi buɗe bawul ɗin hayaƙi yake yi da gangan lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, ya zubar da iskar da aka matse. An auna buɗewar, ba ta taɓa fistin. Wannan daban, shawagi daban.

Kuma tunda MaiJanTirela ya kawo gangara, gwamna ba ya hana inji wuce iyaka idan kaya ne ke tura mota. Mai kawai yake iya yankewa. Ka saka ƙaramar giya a kan gudu, taya za su juya inji su kai shi inda sifirin ba zai iya ba, ko motar da ba a taɓa ta ba ce.

Bawul24:
Mu masu bawul 24 namu ya ɗan bambanta. Daga tsakiyar 1998 aka koma bawul 4 a kowace silinda, roka ɗaya yana danna bawul biyu ta kan wata 'yar gada. Bawul ƙanana ne, matsi ba ya samun faɗin turawa kamar naku, amma idan shawagi ya zo gadar tana iya tsalle ta sauka daga kan bawul. Na taɓa buɗe murfin wata na tarar da gadar a kwance a gefe cikin baƙin mai, roka yana dukan iska, mai ita yana rantsuwa nozul ne ya mutu.

Ford_73:
A injin Ford 7.3 Power Stroke kuma tafet ɗin masu cika kansu da baƙin mai ne. Da shawagi ya buɗe tazara, tafet ya cika ya rufe ta, sai ya riƙe bawul a buɗe ko bayan juyi ya sauko. Inji ya yi ta gurgunta na ɗan lokaci sannan ya warware da kansa. Wannan warwarewar ce ke ruɗa mutane su ce wuta ce ko kwamfuta.

BaƙinHayaƙi:
Duk an tafi Ford da gada, har yanzu ba wanda ya auna matsin man yaron nan.

Tsohon_Bakanike:
Ka yi gaskiya, mu dawo. Ɗan_Tarbo96, ga abin da zan yi da a gabana motar take, kuma duk ba sai an cire tof silinda ba.

Ka sa geji a layin mai bayan filta, don BaƙinHayaƙi ya samu barci. Ka sa wani a manifol ɗin hayaƙi kafin tarbo, da dogon siririn bututun jan ƙarfe a nannaɗe don zafi ya huce kafin ya kai geji. Ka taka zuwa 3,000 kawai, kada ka wuce, wani yana kallon allura.

Sannan inji a sanyaye ka buɗe murfin bawul ka auna tazara. Littafin wannan injin inci 0.010 ya ce a na iska, 0.020 a na hayaƙi. Kada ka gyara tukuna, ka rubuta abin da ka tarar a kowanne. Wanda tazararsa ta yi yawa fiye da 'yan uwansa, ka zargi fushrod ko bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya zama sosai. Wanda tazararsa ta matse, mazauni ne ke nutsewa saboda duka. Ka zaro fushrod ɗaya bayan ɗaya, ka mirgina a kan gilashi. Lafiyayye shiru yake tafiya, mai lanƙwasa za ka ji tik-tik ka ga haske yana shiga ta ƙarƙashinsa. Ka haska tocila kan makullan bawul da farantin da ke riƙe sifirin. Idan ka ga wuri ya yi sheƙi kamar an goge, ko wani jan gari mai kama da tsatsa a gefen makulli, kayan suna girgiza ke nan.

In kana da kyamarar nan mai siririn wuya, cire nozul ka leƙa kan fistin. Gani ya kori ji.

Uwar_Gareji:
A ƙara da gwajin iska. A kai fistin sama bawul a rufe, a hura iska ta ramin nozul, a kasa kunne. Ta salansa take fita, na hayaƙi ne. Ta bututun iska, na iska ne. Ta wajen zuba baƙin mai, ringi ne. Gwajin matsi na yau da kullum yana iya nuna lamba mai kyau alhali bawul yana ɗan yoyo.

Ɗan_Tarbo96:
Na dawo da sakamako. Matsin mai bai faɗi ba har 3,000, yana tsaye. Matsin hayaƙi kuwa ya ba ni tsoro. A 2,200 kusan kai ɗaya suke da na iska, amma a 3,000 iska tana 38 hayaƙi ya haura 65 kuma yana ci gaba da hawa. Tazarar bawul duk suna kusa da daidai ban da na hayaƙi a silinda ta 5 da ta 6, sun buɗe sosai. Fushrod ɗin ta 6 yana tik-tik a gilashi, na ta 5 ban ga komai ba. Kyamara ban samu ba tukuna.

BaƙinHayaƙi:
Har 3,000 ka auna, matsalar kuma a 3,300 take. Ban ce fushrod ɗin ƙarya yake ba, amma ba a wanke mai ba tukuna.

Sifana17:
Haba Malam. Filta ce ta lanƙwasa fushrod?

BaƙinHayaƙi:
Yana iya lanƙwashewa tun a hannun mai motar na farko. Mota ce ta 1996.

Tsohon_Bakanike:
Yana iya yiwuwa, amma ni ta 5 ce ta fi damuna. Tazara ta buɗe, fushrod lafiya, to ina tazarar ta fito? Ko dai sukurun roka ne ya saki, ko bawul ba ya komawa mazauninsa, ko tafet da bayan kam sun fara cinyewa saboda dukan da suke sha idan tafet ya tashi ya dawo. Yi gwajin da Hajiya ta faɗa a wannan silindar kafin ka sayi komai. Idan iska tana fita ta salansa, tof silinda zai sauko, babu gajeriyar hanya.

Kunkuru_HX:
Ni a ganina sifirin magani ne na alama kawai. Matsin hayaƙi ya kusa ninka na iska, tarbon ya yi masa kaɗan. Ka sa sifirin masu ƙarfi bawul su daina shawagi, amma zafin hayaƙi yana nan, gaskit yana shan wahala, inji yana kashe ƙarfinsa wajen tura hayaƙi waje. Tarbo mai faɗin gidan hayaƙi ko a sassauta wanda aka matse, shi ne gyara.

Injiniya_Ƙarami:
Duka biyun ne. Ko matsin ya daidaita, 3,500 tana nan da lissafinta.

Gejin_Mai:
Sai dai a yi hattara da ɗaukar sifirin mafi ƙarfi a kasuwa. Tafet ɗin wannan injin masu shafaffen ƙasa ne, gogar kam suke yi kai tsaye, ba masu taya ba. Ka ƙara musu nauyi fiye da kima kam ya cinye. Fushrod na asali kuma ya fara lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, ya zama shi ma wani sifirin ne da ke wurga bawul. A auna tsayin da sifirin zai zauna a kai, a auna ƙarfinsa a wannan tsayin da na'ura, a tabbata idan bawul ya buɗe gaba ɗaya zoben sifirin ba su haɗe da juna ba. Na taɓa sayen saiti daga wani mai sayarwa, da aka ɗora a na'ura ƙarfinsu bai zo ɗaya ba.

Sabon_Shiga:
Ana iya canza sifirin ba a cire tof silinda ba? Bawul ba zai faɗa ciki ba?

Sifana17:
Ana yi. Ka kai fistin ɗin silindar can sama, bawul zai ɗan sauka ya zauna a kansa. A injin mai silinda 6 a jere bibbiyu suke hawa, 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, saboda haka juyi uku ya ishe ka. Ka toshe ramukan da baƙin mai ke komawa da tsumma kafin ka taɓa makulli, ƙanana ne, ɗaya ya faɗa sai ka kwance kaskon mai. Kuma kada kowa ya juya inji alhali sifirin yana cire.

Ɗan_Tarbo96:
Na yi gwajin iska. Ta 6 shiru. Ta 5 akwai 'yar ƙara ta salansa, ba mai yawa ba, sai ka kanga kunne. Na ɗan buga kan bawul ɗin da guduma ta roba kamar yadda wani ya ce min, ƙarar ta ragu amma ba ta ɗauke ba.

Uwar_Gareji:
Raguwar na iya zama kabon ne ya maƙale a mazauni. Ni da zan sa sabon fushrod da sifirin, in gyara tazara, in yi tafiya a hankali ƙasa da 2,500, in sake gwadawa.

Tsohon_Bakanike:
Hajiya a nan mun rabu. Bawul ɗin da fistin ya taɓa, wuyansa ya riga ya ji. Ƙara masa sifirin mai ƙarfi ƙara jan wuyan ne. Idan kan ya tsinke ya faɗa, fistin da tof silinda da tarbo duk sun tafi tare. Ni sauke shi zan yi.

Uwar_Gareji:
Ai ba mu tabbatar ya taɓa ba Baba. Fushrod ɗin ta 5 a miƙe yake. A samo kyamarar tukuna.

MaiJanTirela:
Ku dai ku gama, ni ina nan a 2,300.

Bawul24:
Ɗan_Tarbo96, idan ka samu kyamarar ka leƙa duka shidan, ba ta 5 da ta 6 kaɗai ba, ka ɗora mana hotunan. Kuma kana da gejin zafin hayaƙi kuwa? Ban ga ka ambace shi ba tun farko, da wannan matsin ina so in ji lambar da yake kaiwa a giya ta 4.